Hannu a Aljihu

Shiru ne ya fara gaya mini an yi mana ɓarna. Ran Litinin da safe na tura ƙofar ɗakin gwaji da kafaɗa, kofi a hannu, sai na ji babu motsin komai. Na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni.

Ɗakinmu ba ya shiru. Akwai wata tsohuwar lasifika a saman akwatin ɗumi da ba a taɓa kashe ta, domin mu nan da kunne muke fara aiki kafin ido. A cikin akwatin akwai faranti mai gida shida. Ƙasan kowane gida ɗan gilashi ne da bai fi farcen babban yatsa ba, an shimfiɗe shi da dubban ƙananan wayoyi, a kansu kuma ƙwayoyin jijiya suke kwance suna rayuwarsu. Duk ƙwayar da ta harba, wayar da ke ƙarƙashinta za ta ji, lasifika ta ce ƙas. In suna cikin ƙoshin lafiya sai ka ji kamar yayyafi a kan kwano. Wayoyin ba saurare kaɗai suke yi ba. Akwai maɓallin da in ka danna, ɗan lantarki zai bi ta cikinsu ya taɓa ƙwayoyin, su kuwa su amsa.

Na sa farantin a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Gida shidan duk sun ƙone. Ƙwayoyin da na bari ran Asabar sun miƙa hannuwa sun riƙe juna, yanzu sun dunƙule sun taso saman ruwa kamar dusa. Ni Voula, da na shekara ashirin da wani abu ina ciyar da ƙwayoyin da ba su taɓa ce mini na gode ba, ranar na zauna a ƙasa na yi kuka.

Farantin Sela ne. Sela 'yar Tevita Fonua ce, injiniyanmu, wanda ya haɗa na'urar da hannunsa. Shekararta shida, tana da wata irin farfaɗiya da ba ta jin magani. Kowace faɗuwa sai ta tafi da wani abu nata. Bara ta tafi da tafiyarta, bana ta kwashe kalmominta, saura guda ɗaya tak, wato Baba. Magungunan da suka rage a gwada masu haɗari ne, in an yi kuskure wani zai iya ƙarasa ta. Shi ya sa aka ɗebi 'yar fatar hannunta, muka juya ta ta zama ƙwayoyin jijiya, na yi kusan shekara ina renonsu. Abu ɗaya muke jira, su yi farfaɗiya irin tata a kan gilashin, sannan mu zuba wa kowane gida magani daban, mu ga wanda zai kwantar da su. Sauran farantanta fumfuna ta cinye su tun lokacin sanyi. Wannan ne ya rage.

Kwamfuta ta nuna abin da ya faru, kuma ba ta yi mana kara ba. Ran Asabar da la'asar ƙwayoyin sun yi farfaɗiyar da muke jira. A cikinta wani ya cire takunkumin da ke hana lantarki wuce ƙa'ida, ya danna musu wuta har suka mutu.

Farfesa Brandt, shugaban ɗakin gwajinmu, bai ko zauna ba ya kira 'yan sanda. Kafin azahar duk benen ya ɗauka, mutanen da muke cin abinci tare sun koma kallon juna ta wutsiyar ido. Shi kansa Farfesa, kafin ya ga sakamakon kwamfuta, sai da ya tambaye ni ko na tabbata da ruwan da na ba su. Na ce masa in ya sake yi mini wannan tambayar, zai sha ruwan da kansa ya tabbatar.

*

Wadda aka turo mana wata mace ce mai furfura, tana ɗingishi, Sajan Noelene Garrity. Yawancin shekarun aikinta a duwatsun Gippsland ta yi su, tana bin sawun mutanen da suka ɓata a daji, har gwiwa ta ƙi, aka dawo da ita nan birnin Melbourne aka ba ta tebur. Ta shigo ba ta kalli kowa ba, ƙasa take kallo. Ta zaga ɗakin ta dawo.

"Wa ya goge nan?"

"Kullum ake gogewa, Sajan. Ɗakin gwaji ne."

"Allah ya sawwaƙe. Ƙasa ba ta riƙe sawu, ƙofa fa?"

Nan kunya ta kama mu. Ran Asabar muka yi walimar ƙarshen shekara a kan ciyawar bayan gini, kowa da iyalinsa, ana gashin nama. An yi zafi mai narka kwalta, don haka giya da ƙanƙara a ɗakin sanyin da ke cikin ɗakin gwajinmu aka ajiye su, abin da doka ta hana kuma kowace shekara muke yi. Aka tokare ƙofa da takalmi don kada a sha wahalar katin buɗe ƙofa. Kwamfutar kuma da sunan Farfesa duk muke shiga, tun da shi ba ya taɓa ta.

"Wato ƙofa a buɗe, kowa ya shiga, kowa sunansa Farfesa," in ji Sajan. "Kun kyauta mini. To gaya mini yadda walimar ta tafi, anti."

Na gaya mata abin da na tuna. Farfesa ya yi jawabin da ya fi nama daɗewa a wuta. Fergus, ɗalibin da ke neman digirin dakta, ya sha ya yi tatul. Mele matar Tevita tana ƙarƙashin bishiya da Sela a kekenta, har ta aika wa wani tsoho mai kwalin zanga-zanga da ke tsayawa a bakin ƙofarmu nama a burodi. Tevita ya tafi ɗebo ƙanƙara ya daɗe, ya dawo hannu wofi muna ta yi masa tsiya, shi ko a jikinsa, ya ja matarsa suka yi rawa a kan ciyawa. Rabon da in ga haƙoransa a waje har na manta.

"Uban yana ina yanzu?"

"Gida. Da ya ga farantin sai ya ɗauki makullin motarsa ya fita."

Ta gyaɗa kai. Sai na ce mata in sawu take nema, akwai wurin da ba a gogewa. Duk abin da farantin ya ji an naɗe shi, babu dai wanda ya iya saurara a cikinmu, zanen da kwamfuta ta fitar kawai muka duba.

"Kunna," in ji ta.

Da farko yayyafin nan ne da na sani. Sai ya fara haɗuwa, ƙwayoyin suka bar maganar ɗaiɗai suka koma harbi tare, ƙara ta cika ɗakin har gilashin taga yana rawa. Abin da muka shekara muna jira ke nan, ga shi ina jin sa bayan ya wuce. Can sai wani sauti daban ya shigo, dum. Na ce mata dannawa ce. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Dum dum, a ɗan tsaya, dum. Ƙarar ta lafa kamar za ta tafi, sannan ta dawo. Dum dum, a tsaya, dum. Haka aka yi ta yi, sai dannawar ta ɗauke na ɗan lokaci, da ta dawo kuma ta dawo da nauyi. Ƙarar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu.

Wani abu ya ɗan sosa mini zuciya da na ji bugun nan, amma na ture shi.

"Na'ura ce ke dannawa?"

"A'a. Na'ura ba ta fashi, daidai-daidai take tafiya. Wannan yatsa ne, kuma babu wanda ya kamata ya taɓa."

"Me ya sa babu wanda ya kamata ya taɓa? Abu na ƙonewa, ku tsaya kallo?"

Na yi mata bayanin dokarmu. In farfaɗiya ta taso a faranti, hannu a aljihu. Ba a taɓawa, ba a dannawa, ko akwatin ba a jingina da shi, a bar ta ta yi ta gama, domin ita ce shaidar da ake nema. Duk wanda ya zo sabo, wannan ake fara koya masa kafin a nuna masa banɗaki. Sajan ta sa hannunta a aljihu ta ciro, kamar mai gwada nauyin maganar.

*

Farfesa ya nace a fara da tsohon mai kwali, Cyril, direban tiram, jirgin ƙasan cikin gari, da ya yi ritaya. Shekara biyu yana tsaye a ƙofarmu da kwalinsa mai cewa ƙwaƙwalwa a faranti ma tana jin zafi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Muka same shi a inda ya saba, da lema da kwalbar shayi.

"An ce ka shiga ginin ran Asabar, kawu," in ji Sajan.

"Na shiga. In mutum ya kai shekaruna, yarinya, mafitsararsa ba ta san abokin gaba ba."

"Ka taɓa kwamfutarsu?"

Ya miƙo mata hannuwansa, suna rawa kamar ganye. "Da waɗannan? Wayata ma jikata ce ke buɗe mini. Kuma ni fa ba kashe su nake so a yi ba, a daina azabtar da su na ce." Ya dube ni. "Ke ce uwar goyonsu, ko? Gaskiya ne na yarinyar nan mai keke ne, wadda uwarta ta ba ni nama?"

Na ce gaskiya ne. Ya daɗe yana kallon kwalinsa, sannan ya juya rubutun ya fuskanci bango. Duk haushinsa da na yi shekara biyu ina ji, ranar na rasa inda na ajiye shi.

*

Fergus kuwa tun ba a tambaye shi ba ya fara gumi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kowa ya san farantin Sela ya tare masa na'ura wata da watanni, aikinsa ya tsaya cak, kuma rabin mutanen walima sun ji shi yana cewa in farantin nan bai yi farfaɗiya ba kafin sabuwar shekara, shi zai yi. Ban da Tevita, shi kaɗai ya iya cire takunkumin.

"Ban shiga ba," in ji shi.

"Haba abokina," in ji Sajan. "Ka shiga mana. Takalminka aka tokare ƙofa da shi, an gan ka da ƙafa ɗaya duk yini."

Ya rufe fuska da hannu. "To na shiga ɗaukar giya. Ina ciki farfaɗiyar ta fara. Na rantse miki ban taɓa komai ba, hannuna a aljihu na fito da gudu in kira Farfesa. Na tarar yana jawabi, kin san shi, ba ya tsayawa ko shan numfashi. Na ce bari in jira. Sai cikina ya juya, na je bayan shinge, daga nan ban san inda kaina yake ba sai da yamma."

"Ka bar ta tana ƙara, babu kowa a ɗakin?"

"Babu kowa. Da na tsaya, Voula, da na tsaya kawai a wurin..."

Na so in mare shi, na kuma so in rungume shi, sai ban yi ko ɗaya ba. Da muka fito Farfesa ya tare mu a baranda yana cewa ai magana ta ƙare, a tafi da yaron. Sajan ta ce masa ɗan giya ba ya riƙe kiɗa, ta wuce ta bar shi da baki buɗe.

*

Washegari ta ce in raka ta gidan su Tevita, can yammacin gari. Mele ce ta buɗe, ta rungume ni, kafin mu zauna ta ajiye mana gwaza da madarar kwakwa, don a gidan mutanen tsibirin Tonga irin su ko sammaci ka kawo sai ka ci. Tevita yana kan kujera, ƙaton mutum kamar ƙofa, Sela na kwance a ƙirjinsa. Idonsa ya yi jajir.

"Sannu Anti Voula," ya ce, bai ɗago ba.

Mele ce ta yi maganar duka. Ta ce likita ya kira jiya, ya ce ba zai iya zaɓar magani da ka ba. Ta tambaye ni sabon faranti zai ɗauki wane lokaci, na ce kusan shekara, tun da ƙwayoyi ba su san gaggawa ba. Sai ta juya wajen Sajan.

"Ki nemo mini shi, Sajan. Ba duka zan yi ba, ni 'yar coci ce. Fuskarsa kawai nake so in gani, in tambaye shi me 'yata ta yi masa."

"In ta taso mata, me kuke yi?" Sajan ta tambaya.

"Me za mu yi? A kwantar da ita ta gefe, a janye abin da zai buge ta. Kada ka danne ta, kada ka sa mata komai a baki, ka zuba ido har ta gama. Shekara shida muna zuba ido. Wannan," ta nuna mijinta da haɓa, "gyaran kowane inji a unguwar nan shi ake kira, amma a gidansa sai dai ya tsaya kamar itace. In ta gama sai ta yi barci mai nauyi, shiru, kamar ba ita ba. Lokacin ne muke samun numfashi."

Sela ta ɗan motsa ta yi ƙorafi. Tevita ya fara bubbuga bayanta yana rera wata waƙar coci ƙasa-ƙasa, yarinyar ta ce Baba, ta lafa. Sajan ta ajiye cokalinta, ba ta ƙara ci ba. Ta yi godiya ta miƙe.

A mota ba ta kunna inji ba. Ta riƙe sitiyari tana kallon gaba.

"A daji," ta ce, "mutane suna zaton abin da ya fi ciwo shi ne ka rasa sawu. Ba shi ba ne. Ka bi sawu har ƙarshe, ka sami mutumin, kuma babu abin da samun zai gyara."

Ban tambaye ta me take nufi ba. Ina jin tsoron amsar ne.

*

Ta tara mu ran Laraba da safe a ɗakin gwajin, ni da Farfesa da Fergus da Tevita, har da Cyril, wanda ya zo da rigar zuwa coci. Ta aika wa Mele cewa ba sai ta zo ba. Mele ta zo, da Sela a keke, don ba ta da wanda za ta bar wa.

"Zan faɗi abin da sawun ya nuna, ban da ƙari," in ji Sajan. "Wanda ya zo kisa, da babbar wuta zai fara, ya gama ya gudu. Wannan da mafi ƙanƙanta ya fara. Ya taɓa, ya tsaya ya saurara. Ya ji ta lafa, ya ji ta dawo, ya sake taɓawa. Ya daɗe a haka, ƙofa a buɗe, mutane na shige da fice a baranda, bai damu a gan shi ba. Mai ɓarna ba ya tafiya haka. Na taɓa bin sawu irin wannan, na mutumin da ya goya wani ne."

"Ba tatsuniya muka zo ji ba, Sajan," in ji Farfesa. "Waye?"

Sajan ta juyo. Ta dube ni. Na san abin da take so, na kunna sautin da aka naɗa.

Ƙarar ta cika ɗakin. Sela ta zabura a kekenta. Sai bugun ya shigo, dum dum, a tsaya, dum. Ban kalli kowa ba sai Mele. A bugu na farko ba ta motsa ba. A na biyu leɓenta ya fara bin waƙar da kansa, tun kafin ta san tana yi. Sai ta juya a hankali ta kalli mijinta.

"Tevita."

Ƙaton nan ya zame daga kujera ya durƙusa a ƙasan da ake gogewa kullum.

"Ƙanƙara na je ɗebowa," ya ce. "Na ji ta, Mele. Daidai irin tata, har yadda take ja da baya ta sake tasowa. Na sa hannu a aljihu, wallahi na sa. Ni na koya wa Fergus dokar. Na tsaya, na tsaya, sai na ga maɓallin a gabana. Na ce sau ɗaya kawai, ƙarami. Sai ta lafa. Kin ji? Ta lafa. Shekara shida ina bubbuga yarinyar nan ba ta taɓa lafawa ba, ranar na taɓa, ta ji ni. Da ta dawo na ce ƙarfin ne bai kai ba."

"Kai ka sa takunkumin nan da hannunka," in ji Farfesa, muryarsa ta yi sanyi.

"Na sani. Na san abin da ya sa na sa shi. A lokacin ba faranti nake gani ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Da ta yi shiru na ɗauka barci ne, irin wanda take yi in ta gama. Na fito ina cewa yau na tsayar da ita. Na so in gaya miki a wurin rawa, na ce bari sai Litinin in duba tukuna, kada in sa miki rai a banza."

Fergus, da ya tsira, kuka yake fiye da kowa.

"Ran Litinin fa?" Mele ta tambaya. "Ina ta tsine wa wanda ya yi, kana zaune a gabana."

"Na buɗe baki ya ƙi fita. Kin ce fuskarsa kike so ki gani. Ga ta."

Ni kaina a lokacin ban san me nake ji ba. Shekarata guda ce ya ƙona, da Kirsimetin da ban yi da 'ya'yana ba, da hutun da ban je ba. Na nemi fushi in riƙe, na lalube ko'ina babu shi, sai tausayi mai ciwo kamar an soka mini abu a ƙirji.

Ko ƙarar ce, ko zafin ɗakin, ko dai lokacinta ne ya yi, ban sani ba. Sela ta sandare a kekenta, idonta ya juye. Mele ta cicciɓe ta ta kwantar a ƙasa ta gefe, na cire rigar aikina na tura ƙarƙashin kanta, Cyril ya ja kujeru baya. Sannan muka tsaya. Farfesan da ya yi rayuwarsa a kan wannan ciwon, da 'yar sandan da ta ciro mutane daga ramuka, da ni, duk muka tsaya a kan yarinya muna kallo.

Tevita ya rarrafo. Hannunsa ya miƙa kamar yadda ya saba, ya kai kusa da bayanta, sai ya tsaya a iska. Ya janye shi ya cusa a aljihu.

Mele ta kalle shi. Ta kama wuyan hannunsa ta fizgo shi waje, ta ɗora a bayan 'yarta.

"Nan ba ya ƙonawa," ta ce. "Buga."

Ya buga. Biyu, ya tsaya, ɗaya. Farfaɗiyar ba ta lafa ba, kamar yadda ba ta taɓa lafawa ba, ta yi iya yinta ta tafi don kanta.

*

Sajan Garrity ta ce wa Farfesa in yana son ƙara ya je ya shigar da kansa, ita haɗari ta gani. Bai shigar ba. Ta ba ni hannu a bakin ƙofa ta ɗingisa ta tafi, ban sake ganinta ba.

Da yammacin ranar na buɗe tulun ƙanƙara na ciro 'yar kwalbar ƙwayoyin Sela na asali, na narkar da ita a tafin hannuna, na fara daga farko. Na tambayi likitanta ko za ta iya jiran shekara. Ya ce mu dai mu ci gaba da aiki.

Tevita da kansa ya kwance maɓallin daga jikin na'urar ya ba ni, yana cikin jakata har yau. Kowace safiya shi ke riga ni zuwa. Sabbin ƙwayoyin ba za su ce ƙas ba sai bayan watanni, ya fi kowa sani, amma sai ya kunna lasifikar ya zauna a gabanta, hannu a aljihu. Makon jiya na kawo masa kofi, na tambaye shi jikin Sela.

"Tana nan, Anti," ya ce. "Tana kallona, tana murmushi."

Na jira sauran.

"Tun ranar ba ta sake cewa Baba ba."